Kada a Buɗe Injin Nan

Argungu,
21 ga Agusta, 2023.

Zuwa ga Baba Alhaji Riskuwa, Badariya, Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗa ga mahaifi, ina fatan Baba yana lafiya, da Hajiya da dukkan mutanen gida. Ɗiyarka Ummu Hani tana gaishe ka, mu ma lafiya lau muke. Na rubuto ne don na san kunnen ba ya barin ka ji magana ta waya, wannan kuma ba maganar da zan ba wani saƙon baki ba ce.

Baba, jif ɗin da ka damƙa mini don zirga-zirgar gonakinka na fadama ta tsaya. Ranar Alhamis ina dawowa daga duba shinkafa sai na ji ƙara a cikin inji, kamar ana buga guduma a kan tukunyar ƙarfe, daga nan ta mutu. Da tarakta aka jawo ta gida. Da na leƙa ƙarƙashi sai na ga notin da ke toshe baƙin mai ya kwance, babu ko ɗigon mai a ciki. Kwana shida kafin nan ne Sunusi bakanike ya yi mata juyen mai. Ban ce da gangan ya yi ba, amma ga dukkan alamu bai ɗaure notin da kyau ba.

Na tambayi masu sana'ar. Hanya biyu ce: ko a sauke injin a buɗe a gyara, ko a sa wani ɗan Baljiyam, wato injin da aka yi amfani da shi a waje aka shigo da shi. Ni dai a ganina a canza. Injin ya tsufa, gyara zai ɗauki lokaci, ga girbi yana matsowa. Akwai dillalin da ya ce zai kawo mai kyau, ya karɓi tsohon a rufe yadda yake, ba sai mun wahalar da kowa da kwance-kwance ba.

Ina jiran umarninka. Ka yi haƙuri da wannan labari. Allah ya ƙara girma da lafiya.

Ni ne ɗanka,
Musaddiq.

*

Badariya, Birnin Kebbi,
23 ga Agusta, 2023.

Zuwa ga Musaddiq.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ta hannun direban tasha. Mun gode Allah da kai kana lafiya. A gai da Ummu Hani, a ce mata kifin da ta aiko gishirinsa ya yi yawa, amma na cinye.

Ba za a canza inji ba. Ɗan Baljiyam ɗin da kake magana an wanke masa jiki da kananzir an fesa masa fenti, amma ba wanda ya san abin da ke cikinsa, har shi mai sayarwar. Wannan kuwa na san shi ciki da waje, tun kafin a haifi matarka. Ya ja buhunan taki a lakar da tarakta ke tsoro. Injin da ya ƙone don rashin mai yana gyaruwa idan gangar jikin ba ta tsage ba. Ka sa a ɗauko motar zuwa garejin Benedict da ke Nasarawa. Shekara ashirin shi ke taɓa ta kafin in aika maka da ita, ya fi ni sanin tarinta.

Shi kuwa Sunusi, raina ya ɓaci ƙwarai. Ni na kawo shi ƙungiyar manoman shinkafarmu, ni na tsaya masa aka ba shi kula da injinan ban-ruwa. Wanda ba zai iya ɗaure noti ɗaya ba, ba zan bar masa injin talakawa arba'in ba. Na rubuta wa shugaban ƙungiya yau da safe, na ce a nemi wani kafin noman rani, na kuma faɗi dalili.

Kada ka sa damuwa a ranka. Tun da na ba ka ɗiyata ban taɓa samun ka da ƙarya ba, mota kuwa ai ƙaramin abu ce a kan wannan.

Haza wassalam.
Riskuwa.

*

Argungu,
27 ga Agusta, 2023.

Zuwa ga Baba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga takardarka, na gode da kyakkyawan zato. An ɗora motar a kan babbar mota jiya, na san ta isa wurin Oga Benedict.

Baba, ba musu nake yi da kai ba, amma ina roƙo ka sake dubawa. Ko an gyara, tsohon ƙarfe ne. In ya tsaya mana a tsakiyar fadama da shinkafa a baya fa? In don ɗawainiya ce, ni zan ɗauki nauyin canjin gaba ɗaya, ba sai ka sa hannu ba. Ka ce wa Oga Benedict ya dakata kada ya buɗe tukuna.

Maganar Sunusi kuma, da ka sassauta. Yana da iyali. An karanta takardarka a taron ƙungiya, yanzu har masu babura sun daina kai masa aiki. Jiya na bi ta gaban rumfarsa, yana zaune shi kaɗai. Kuskure ne, kowa yana yi.

Ummu Hani tana gaisuwa. Kwana biyu ba ta cika magana ba, amma lafiyarta lau.

Ɗanka,
Musaddiq.

*

Nasarawa, Birnin Kebbi,
5 ga Satumba, 2023.

Malam Musaddiq,

Ina gaisuwa, yaya iyali, yaya ruwa a wajenku? Ni ne Benedict mai gareji. Na kira wayarka sau bakwai ba ka ɗauka ba, shi ya sa na rubuta. Ni ba gwanin rubutu ba ne, ka yi haƙuri.

Alhaji ya ce in buɗe, na buɗe. Malam, wannan inji bai mutu da ƙishin mai ba. Injin da mai ya ƙare masa, cikinsa yakan ƙone ya yi baƙi, ƙarfe ya ci ƙarfe. Wannan cikinsa fes. Abin da na gani shi ne ƙarafa biyu masu riƙe fistin sun lanƙwashe, tsatsa ta fara kama silinda biyu, ga laka da ɗan yashi a bututun iska. Matatar iska kuwa sabuwa ce dal, ko ƙura ba ta sha ba. Ruwa injin nan ya sha. Bayan ya sha kuma wani ya yi ta murza makulli.

Shekarata talatin da huɗu a garin nan, a nan na haifi yarana duka. Ban taɓa yi wa Alhaji ƙarya ba, ba zan fara da furfura ba. Ya zo jiya, na ce masa ban gama dubawa ba. Ranar Juma'a bayan masallaci zai dawo, zan nuna masa komai. Ya fi kyau ya ji daga gare ka kafin nan.

Wannan Sunusi ban san shi ba, amma abokin sana'ata ne. Abin da ya same shi ba daidai ba ne.

Na gode.
Benedict.

*

Argungu,
7 ga Satumba, 2023.

Zuwa ga Baba Alhaji Riskuwa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da yake ban san da wane baki ba.

Baba, ƙarya na yi maka. Sunusi ya ɗaure notinsa da kyau. Ni na kwance shi da hannuna.

Ranar Alhamis ɗin nan ba gona na je ba. Wani abokina na makaranta, Faruk, ya zo daga Abuja da sabuwar mota, ya ce in raka shi ƙauyensu ta wajen Augie. Na bi shi da jif. Tun zuwansa na ce masa motar tawa ce, ni na saye ta don sha'awar tsofaffin motoci. Ban san me ya sa na faɗi haka ba. A'a, na sani. Ban so ya ce surukina ne ke riƙe da ni.

Muka tarar ruwa ya cinye hanya. Mutane suna jiran kwalekwale, Faruk ya ajiye motarsa a tudu. Ya dubi jif ya yi dariya, ya ce, "Wannan kakar taka ai sai dai a goya ta." Wani tsoho mai kwalekwale ya ce mini, "Malam, kada ka shiga, jiya ruwan nan ya kai ƙirjin saniya." Na ji shi sarai. Na kuma tuna ranar da ka miƙa mini makulli ka ce duk ruwan da ya wuce rabin taya ba nata ba ne. Duk da haka na sa giya na shiga, don mutum ashirin da ban sani ba su tafa mini.

A tsakiya ta mutu. Ruwa yana shigowa ta ƙofa ina ta murza makulli, har na ji wani abu ya ce ƙwas a ciki. Da shanu huɗu aka fito da ni. Faruk ya hau kwalekwale ya wuce.

Da tarakta ta kawo ni gida na rufe ƙofa. Na wanke motar, na canza matatar iska, na kwance notin. Man ya fito fari kamar kunu, na haƙa rami a bayan gida na zuba. Sai na zauna na rubuta maka takarda. Duk naci na a kan a canza inji, don kada a buɗe ne.

Ummu Hani ce ta wanke kayan da na dawo da su, laka har ƙugu. Ba ta tambaye ni ba, ba ta gaya maka ba. Amma ranar da aka karanta takardarka a ƙungiya ta ajiye mini abinci ta ce, "Matar Sunusi ta zo ɗazu, ta ce in roƙa musu Baba. Me zan ce mata?" Tun ranar ba ta haɗa ido da ni ba.

Kada ka zaci zuciyata ce ta kawo ni. Oga Benedict ne ya rubuto ya ce gobe zai nuna maka. Da an sa ɗan Baljiyam, ina tsoron da har yau ina shiru. Wannan ya fi shiga ruwan ci mini rai.

Duk hukuncin da ka yanke na karɓa. In ka ce kada in ƙara taka ƙofar gidanka, ba zan ga laifinka ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka janye takardar Sunusi.

Wanda ya ci amanarka,
Musaddiq.

*

Badariya, Birnin Kebbi,
24 ga Satumba, 2023.

Musaddiq,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kuna lafiya. Na san ka jira amsa. Takardar ƙungiya na janye ta washegarin da taka ta iso. Taka amsar ce ta ƙi rubutuwa.

Na je garejin Benedict. Ya ɗora mini lanƙwasasshen ƙarfen a tafin hannu. Na yi fushi da kai, har yanzu ma bai gama sauka ba. Ba don inji ba. Ka sa na ɗauki sunana na shekara saba'in na danne wani bawan Allah da shi. Amma kai ka faɗa, ni na yanke ban tambaye shi ba. Wannan kason nawa ne.

Yanzu ka karanta abin da ko Hajiya ba ta sani ba.

Ka san a gwanjo na sayi motar nan daga wurin da na yi aikin malamin gona. Ba ka san yadda ta kai ga gwanjo ba. A daminar 1994 tana hannun wani direba, Usmanu, mutum mai tsantseni, kullum da tsumma a aljihu yana goge ta. Wata rana muna dawowa daga rangadi na ce ya ba ni in tuƙa, alhali doka ta hana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai ruwa a gaba." Na ce ni ne ogansa ko shi ne nawa? Ya ba ni. Sauran ka san shi, don ka yi irinsa.

Lokacin ana shirin ƙara mini girma. Da aka tambaya wa ke tuƙi, na yi shiru. Direba ai shi ake zato. Usmanu yana tsaye a bakin ƙofar ofis, hularsa a hannu, ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai. Aka sallame shi. Ni kuma na rubuta rahoto cewa injin ba ya gyaruwa, a ajiye motar, don kada bincike ya yi tsawo. Bayan shekara biyu na saye ta, na gyara ta cikin mako uku.

Da takardarka ta biyu ta zo kana cewa kada a buɗe, nan take na gane muryar. Da na aika a kira Sunusi a ranar, da an rage masa kwana goma sha biyu na wulaƙanci. Ban aika ba. Na gaya wa kaina Musaddiq ba ya ƙarya, don ban so in tuna wanda ya yi.

Ka ce ba zuciyarka ce ta kawo ka ba, tsoron Benedict ne. To ni ba a samu Benedict ɗin da zai tsorata ni ba, ka ga inda na kai. Ka gode masa.

Maganar inji: gyara za a yi. Gangar jikin ba ta tsage ba. Za a sa ƙarafa biyu sababbi, da fistin, da ringi, da gasket. Benedict ya ce mako uku zuwa huɗu, kafin girbi in Allah ya so.

Kai kuma ranar Juma'a akwai taron ƙungiya. Za ka tashi tsaye ka faɗi abin da ka faɗa mini, da bakinka, ba a takarda ba. Kafin nan ka je wurin Sunusi. Ga wata takarda na haɗo, tawa ce zuwa gare shi, ka karanta masa. Da ƙafa da kunne sun bar ni da na zo da kaina.

Ka ce wa Ummu Hani ban ji haushinta ba. Mun sa ta a tsakiya, ni da kai.

Ƙofar gidana tana nan inda ka san ta.

Wassalam.
Riskuwa.

*

Argungu,
2 ga Oktoba, 2023.

Zuwa ga Baba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan ƙarin lafiya, na karanta takardarka, abin da ke ciki kuma ya tsaya tsakanina da kai.

Na je wurin Sunusi ranar Laraba da hantsi. Na same shi yana kwance wani tsohon janareta, aikin da ya samu ke nan a makon. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na durƙusa na faɗa masa komai. Da na gama ya goge hannu ya ce, "Ai na sani. Mai taraktar da ya jawo ka ƙanin matata ne. Tun ranar ya ba mu labari, har da shanun."

Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "In faɗa wa wa? Ga surukin Alhaji, ga bakanike. Kai da kanka wa za ka gaskata?"

Baba, na gwammace ya mare ni. Na karanta masa takardarka, ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Alhaji ubana ne, shi ya kai ni ƙungiya. Amma da ya tambaye ni." Sai ya ce ya yafe mana don Allah, mu duka biyu. Na miƙa hannu, ya karɓa. Ina juyawa ya ce, "Malam Musaddiq, motarku dai kada a sake kawo mini ita." Na ce na ji.

Ranar Juma'a na tashi a taro. Mutum ya fi sittin. Da na zo wurin shanu huɗu wasu suka yi dariya, da na zo wurin noti aka yi tsit. Wani dattijo ya ce, "Ashe haka kake?" Na ce haka nake. Sun riga sun ba wani aikin injinan, sun ce ba za su karɓe masa ba tunda bai yi laifi ba, amma za a raba, rabi a mayar wa Sunusi. Rabin ke nan abin da na iya dawo masa da shi. Masu babura sun fara komawa. Ni kuma yanzu in na wuce majalisa sai in ji ana cewa ga direban jirgin ruwa.

Da na dawo gida Ummu Hani ta tambaye ni ko na ci abinci. Ta dube ni da ta yi tambayar.

Ina neman izini in riƙa zuwa garejin Oga Benedict ranakun Asabar, ko wanke ƙarafa ne in yi. Ina so in ga abin da na lalata da idona.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanka,
Musaddiq.

*

Badariya,
19 ga Oktoba, 2023.

Musaddiq,

Salamu alaikum. A gai da mutanen gida.

Injin ya tashi jiya. Ban ji ƙararsa ba, amma na ɗora hannu a kan bonet na ji yana tafiya daidai.

Na aika an nemo mini labarin Usmanu. Ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Bai ƙara samun aikin tuƙi ba, dako ya yi da amalanke har ƙarfinsa ya ƙare. Ya bar ɗiya guda, Mansura, tana aure a wani ƙauye gaba da Gulma. An ce ruwa ya janye, amma hanyar ba ta ƙaramar mota ba ce.

Ka zo jibi Asabar da sassafe mu je wurinta. Kai za ka tuƙa. Kwana uku ke nan ina rubuta abin da zan ce mata, har yanzu ban wuce sallama ba.

Babanku,
Riskuwa.